"Ka ajiye aiki ko a kore ka": kada ka yi saurin sa hannu

Wani bawan Allah daga Tudun Wadan Zariya ya aiko mini da tambaya. Shekararsa 18 a wata ma'aikatar jiha. Jinyar mahaifiyarsa a asibitin Shika ta hana shi zuwa ofis na makonni, da ya koma sai ogansa ya rufe ƙofa ya ce masa ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa, in ba haka ba a kore shi babu ko sisi.

Malam, Allah Ya ba Mama lafiya. Kada ka rubuta takardar nan, ko da an miƙo maka biron.

Ranar da ka ajiye aiki da kanka, a idon doka kai ka tafi, babu wanda ya kore ka. Kotu na iya soke murabus ɗin da aka tilasta wa mutum, amma kai za ka kawo hujjar tilasci, kuma magana ce da aka yi daga kai sai shi a ɗaki. Wa zai shaida maka?

Shi kuwa ogan naka, kora ba a hannunsa take ba. In an tabbatar da kai a aiki, ikon ladabtarwa da kora na Hukumar Kula da Ma'aikata ta Jiha ne, ko wanda ta wakilta. Dole a ba ka takardar tuhuma a rubuce, a ba ka lokacin amsawa, a saurare ka, kamar yadda sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. In aka tsallake matakan nan, kotu na iya mayar da kai kujerarka tare da albashin da ka rasa. Haka Kotun Ƙoli ta yi a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985.

Ba zan ɓoye maka ba, barin aiki babu izini babban laifi ne a dokokin aikin gwamnati, kuma yana iya kaiwa ga kora. Saboda haka tun yau ka tattara katin asibiti, rasit ɗin magani, da duk saƙon tes da ka taɓa tura wa ofis. Ka rubuta bayaninka, ka kai rajista, a buga wa kwafinka hatimi da kwanan wata. Ka ci gaba da sa hannu a littafin zuwa aiki kullum, ka kuma sanar da ƙungiyarku.

Batun "babu ko sisi" ma da sauran magana. Tun da Kaduna ta koma tsarin fansho na adashi a 2017, abin da ya taru a asusunka da sunanka yake. Abin tsoro shi ne haƙƙin shekarun da ka yi kafin nan, wanda kora kan iya jefa shi cikin rigima. Ka je Hukumar Fansho ta Jiha ka nemi lissafinka a rubuce.

In duk da haka takardar kora ta fito, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumin shari'ar, kuma tana da reshe a Kaduna. Lauyoyin gwamnati kan kafe da dokar da ta ba da wata uku kacal don ƙarar jami'an gwamnati. Hukuncin kotuna ya sha bamban a kan ko ta shafi rigimar aiki, don haka kada ka bari wata ukun ya cika kana jiran wani babba ya sa baki. Ranar da takardar ta shigo hannunka, ka rubuta kwanan wata a bayanta, ka kai wa lauya a makon.