Tambayi Likita: Karayar Ƙugu a Tsofaffi

Tambaya: Likita, na ji ana cewa karayar ƙugu matsalar Turawa ce, mu baƙar fata ƙashinmu ya fi ƙarfi. Gaskiya ne? Daga Malam Sani, Zariya.

Amsa: Malam Sani, maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma kada ta sa mu saki jiki. Galibin wannan karaya daga zaizayar ƙashi take, wato ƙashi ya rarake daga ciki kamar itacen da gara ta ci, har faɗuwa daga tsaye ta isa ta karya shi. Ƙasashen arewacin Turai ne kan gaba. A Norway, mai mutane kusan miliyan 5.5, ana samun karayar ƙugu wajen 9,000 a shekara, kusan mutum ɗaya a kowace awa ke nan. A Amurka, tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama kimanin 300,000 ake kwantarwa a asibiti duk shekara saboda ita, uku cikin huɗu mata ne, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 faɗuwa ce sanadi, yawanci ta gefe.

Tazarar da ke tsakanin ƙasashe ta fi ninki goma, kuma Najeriya tana can ƙasan jerin. Sai dai a duba inda alƙaluman suka fito. Norway tana da rajistar ƙasa tun 2005, inda ake rubuta tiyatar ƙugun da asibitoci suka yi. Na Najeriya kuwa, wanda aka daɗe ana dogaro da shi, bincike ne na Ibadan da aka wallafa a 1991, kuma waɗanda suka isa asibiti ya ƙirga. Tsohuwar da aka kira wa mai ɗori, ta kwanta a ɗaki har rai ya yi halinsa, ba ta shiga lissafi ba. Baƙar fata sun fi kaurin ƙashi a matsakaici, haka ne, amma babban abin da ke kawo karayar shi ne shekaru. An ƙiyasta karayar ƙugu miliyan 1.66 a duniya a 1990, ana hasashen za ta haura miliyan 6 a 2050 saboda tsofaffi na ƙaruwa.

Tambaya: Mahaifiyata mai shekara 74 ta zame a banɗaki, ta kasa taka ƙafa. 'Yan'uwa sun ce a kira mai ɗori. Me ka gani? Daga Hajiya Rabi, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. A kai ta asibiti yau, kada a jira gobe. Ki duba ƙafar tana kwance: idan ta fi ɗayar gajarta, tafin ya juya waje, ga zafi a matsematsi, to karaya ce har sai hoto ya nuna akasin haka. Kada a ja ƙafar, kada a murza, kada a ce ta daure ta taka. A ɗauke ta a kwance, a tokare ƙafar da matashi.

Ɗori ba ya aiki a nan, domin ƙashin yana can ƙarƙashin tsoka mai kauri, kara ko tsumma ba za su riƙe shi ba. Idan wuyan ƙashin cinya ne ya karye ya goce, jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin sukan tsinke, kan ya mutu. Shi ya sa ake cire shi a sa na ƙarfe. Idan ƙasa da wuyan ne, ana haɗawa da kusoshi. An fi son a yi tiyatar cikin awa 48, a tayar da ita tsaye washegari. Doguwar kwanciya ce ke kisa: ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa, gyambon kwanciya. Cikin masu wannan karaya, biyu zuwa uku a cikin goma ba sa cika shekara.

Tambaya: Al'adata ta ɗauke shekara shida ke nan. Yaya zan kare ƙashina? Daga Maman Ummi, Kumasi.

Amsa: Maman Ummi, bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yakan yi saurin zaizaya. Ki nemi kalsiyam miligiram 1,200 a rana daga nono, kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, ki sha hantsi saboda bitamin D, ki riƙa tafiyar ƙafa minti 30. Ki guji dexamethasone da prednisolone da wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓɓai ba da izinin likita ba. Wata uku a kansu ya isa ya raunana ƙashi. Idan gwajin DXA, wato hoton auna kaurin ƙashi, ya nuna makin -2.5 ko ƙasa, ana iya rubuta miki alendronate, maganin rage zaizayar ƙashi, miligiram 70 sau ɗaya a mako: da safe kafin karin kumallo, da cikakken kofin ruwa, kuma kada ki kwanta sai bayan minti 30, don kada ya ƙona maƙoshi. A gida kuma, a sa fitila a hanyar banɗaki, a goge ruwan alwala daga kan tayil.