Haɗiyar zuciya, da zumuntar da aka ce a ƙafa take

Wata mai karatu daga Damagaram ta aiko da tambaya: "Malam, idan aka ce wane ya haɗiyi zuciya ya mutu, salon magana ne kawai, ko kuwa da gaske baƙin ciki na kisa?"

Malama, a bakin Bahaushe zuciya ta wuce tsokar nan da ke bugawa a ƙirji. Idan yaro ya ture kwanon tuwo don an yi masa faɗa, sai a ce ya yi zuciya. Ragon da ba ya kishin kansa a ce zuciyarsa ta mutu. Ashe fushi da kishin kai duk zuciya ne. Wanda ya haɗiyi zuciya shi ne wanda abu ya ci shi, bai faɗa wa kowa ba, bai yi kuka an ji ba, har abin ya kai shi ƙasa. Kada a haɗa shi da haɗiye fushi, wanda aka yaba a Suratu Ali Imrana, aya ta 134. Mai haɗiye fushi yana da ikon ramawa ya bari, kuma ayar ta biyo da yafiya. Mai haɗiyar zuciya bai yafe ba, ya dai rasa inda zai sauke.

Amma da gaske yana kisa? Likitocin Japan sun bayyana wani ciwo a 1990, suka sa masa suna takotsubo, wato tulun da masuntansu ke kama wata halittar teku mai hannuwa takwas da shi. Mummunan labari, kamar rasuwar miji ko ɗa, kan sa jiki ya kwararo sinadaran firgita, sai ɗakin hagu na zuciya ya saki, ƙasansa ya kumbura kamar wannan tulu, ya kasa tura jini yadda ya kamata. Mutum ya dafe ƙirji, numfashi ya yi wuya, a zaci jijiya ce ta toshe, a duba a tarar ba ta toshe ba. Ya fi kama matan da suka daina haila. Yawanci sukan warke cikin makonni, amma akwai waɗanda ba sa tashi. Saboda haka in mai takaba ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, kada a tsaya ga "sai haƙuri". A kai ta asibiti.

Wani ɗan kasuwa daga Kumasi kuma cewa ya yi, tunda yanzu yana gaisawa da dangi kullum a WhatsApp, shin "zumunta a ƙafa take" ba ta tsufa ba?

Alhaji, ni dai ban ga ta tsufa ba. Waya na kai gaisuwa, ban musa ba, kuma ga wanda ke nesa ta fi shiru. Sai dai a waya kowa "lafiya lau" ne. Wanda ya taka ya je shi ke ganin cewa ƙafafun Baba sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, yana haki daga ɗaki zuwa zaure, kuma kwalin maganin hawan jininsa ko buɗe shi ba a yi ba. Ai dama an ce labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar kuwa sai an je ake karanta ta da kyau.

Masu bincike a Jami'ar York ta Ingila sun tattara nazarce-nazarce 23 a 2016, suka ga kaɗaici da ƙarancin cuɗanya na tafiya da ƙarin haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya da kashi 29 cikin ɗari, na shanyewar ɓarin jiki kuma da kashi 32. Ba su ce kaɗaici kaɗai ne sanadi ba. Amma wanda ba mai leƙa shi, ba mai ce masa ya rage gishiri ko ya raka shi awon jini.

Kada kuma a ce na mai da dangi magani. Bahaushen da ya ce ɗan'uwa rabin jiki, shi ne ya ce ɗan'uwa rigar ƙaya, kuma na san gidajen da rabon gado ya tayar wa mutane da jini fiye da kowane gishiri. Irin wannan ziyarar, wadda ake zuwa da ƙorafi a koma da gulma, ba ita karin maganar ke nufi ba.

Akwai kuma wanda ya tambayi bambancin zumunta da zumunci. Duk daga kalmar zumu, wato ɗan'uwa, suka fito, kuma a yawancin wurare ɗaya na iya zama a gurbin ɗaya. A karin maganar dai zumunta aka fi ji.