Idon roba ya shekara 7, ko lokacin canji ya yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Gusau. Shekara 7 ke nan da ɓarɓashin ƙarfe ya fasa mini idon hagu, aka cire shi aka sa mini na roba. Yanzu kullum kwantsa, fatar idon ta sauko, in na yi sujada sai in ji yana neman faɗowa. Lalacewa ya yi, ko ni ne ban iya riƙonsa ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare maka na daman. Ba laifinka ba ne, idon ne ya tsufa. Na roba yakan kai kamar shekara 5 kafin a canza shi. Na gilashi, irin wanda aka san garin Lauscha na Jamus da ƙerawa, bai cika wuce shekara 2 ba.

Hawaye da ƙura suna karce saman idon roba, ya daina santsi, ya riƙa gogar fatar ido ta ciki duk ƙiftawa. Daga nan kwantsar take. Shi kuma gurbin ido ba ya zama yadda aka bar shi: naman ciki yana lotsawa, fata tana saki, sai abin da ya zauna daram a da ya koma girgiɗi. Shi ya sa sujada take kawo maka shi.

Ka je asibitin ido, ko inda aka yi maka aikin ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, likita ya fara duba gurbin. Wani lokaci gogewa da inji kawai idon yake so, abin da ya kamata a yi masa duk shekara. In canji ne, ni dai shawarata ka nemi wanda za a auna gurbinka a ƙera maka, a zana launin ƙwayar daidai da na daman. Ya fi wanda ake zaɓowa cikin akwati tsada, amma ya fi zama, ya fi motsi.

Kafin nan ka wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙanshi, ka ɗauraye sosai. Kada sifirit ya taɓa shi, yana cin robar. In ka ga jini, kumburi ko ciwo, kar ka jira.

Kuma don Allah, Malam, kada ka sake riƙe ƙarfe, walda ko gurzawa, babu gilashin kariya a fuskarka. Ido ɗaya ya rage maka.