Makarantar raino ko mai koyar da magana, wanne za a fara biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya cika shekara 3, kalmominsa ba su wuce biyar ba. In an kira sunansa ba ya waiwaya, wuni yake yana jera murafen lemo a bakin ƙofa, aka taɓa ɗaya sai ihu. Wata nas ta ce ga alama galahanga ce, wato autism, larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Aljihun maigidana ba zai ɗauki makarantar raino da mai koyar da magana lokaci guda ba, surukata kuma ta ce a fara da ruƙiyya. Ya zan yi? Wata uwa, Tudun Jukun.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya shi. Kuɗin farko ki kashe shi a mota zuwa Shika, sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Ki roƙi a gwada jinsa, domin yaron da kunnensa bai ji sosai shi ma ba ya waiwaya. Ki tafi da bidiyonsa a waya yana jera murafen nan. A gaban likita yaro kan ƙi nuna halinsa na gida. In an tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa, ko da asibitin tarayya na Barnawa ne a Kaduna, kada sunan ya firgita ki. Galahanga ba hauka ba ce, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 na da ita.

In an tabbatar, ni dai mai koyar da magana zan fara biya, amma da sharaɗi: ke ma ki zauna a ɗakin. Duk wanda ya ce ki jira a waje, ki nemi wani. Awa ɗaya a mako ba za ta buɗe bakin yaro ba, ke ce kike tare da shi sauran kwana shida. Za a koya miki ki riƙe kofin kunu kusa da fuskarki, ki ce "kunu", ki yi shiru ki jira. Ya kalle ki, ko ya miƙa yatsa, ki ba shi nan take. Magana daga nan take tsirowa, da Hausar da yake ji a tsakar gida.

Makaranta ta biyo baya. Kada fenti da lilo su ruɗe ki. Ki je da safe ba sanarwa, ki ƙirga yaran ajin; yara 40 da malama ɗaya da bulala a kan tebur, ki juya. Ki tambayi malamar abin da za ta yi in ya toshe kunne ya kwanta a ƙasa, ki ji ko za su yarda ya fara da awa biyu. Ki biya zango ɗaya tukuna. Dokar tarayya da aka sa wa hannu a 2019 ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, amma makarantar da ta karɓe shi da ƙyar ba za ta riƙe shi da daɗi ba.

Surukarki Hajiya kuma ki lallaɓa ta. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Hayaƙi, duka da ɗauri ne ba za a yi masa ba.

Tambaya: Ana tallar wani kafso a WhatsApp, wai yana warkar da galahanga cikin wata uku. In saya? Wani uba, Sabon Gari.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Babu ƙwayar da ke warkar da ita. Likita kan ba da magani ne don abin da ke rakiyarta, kamar farfaɗiya ko rashin barci. Mai tallar zai iya ce maka allurar rigakafi ce sanadi. Bincike ya daɗe da ƙaryata wannan, don haka a ci gaba da kai yaron rigakafinsa.