Hukuncin Ajiye Nama A Firiza Da Zubar Da Wanda Ya Narke

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Mukan ajiye naman layya a firiza har watanni, sai wata ta ce mini Annabi (SAW) ya hana ajiye shi fiye da kwana uku. Ga shi kuma wuta ta ɗauke mana kwanaki, naman ya saki sarai, jini na ɗiga. Maigida ya ce zubarwa almubazzaranci ne, a dafa ko a bayar sadaka. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, wadda ta gaya miki ta ji farkon hadisi ne, ba ta ji ƙarshensa ba. An yi hanin, amma an shafe shi. Bukhari ya ruwaito daga Salamatu bin Akwa'i cewa da shekara ta zagayo sahabbai suka tambaya ko su yi kamar bara, sai Annabi (SAW) ya ce su ci, su ciyar, su ajiye, domin waccan shekarar mutane na cikin ƙunci ne, ya so a taimaka musu. Shi kansa yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara, don haka ajiya ba ta warware tawakkali. Sai dai a lura da dalilin hanin. Firiza ta cika maƙil, maƙwabci bai ɗora tukunya ba, wannan ba tarbiyyar hadisin ba ce.

Sai naman da ya narke. Jinin da ke ɗiga ba ya najasta shi, domin wanda aka haramta shi ne mai kwarara lokacin yanka, kamar yadda ya zo a Suratul An'am aya ta 145. Abin da ya rage a tsoka da jijiyoyi an yi rangwame a kansa. Amma tsarki daban, cutarwa daban. A hadisin Abu Sa'alaba da Muslim ya ruwaito, an ce wa maharbin da ya tsinci abin da ya harba bayan kwana uku ya ci matuƙar bai yi wari ba. Imam Nawawi ya ce cin mai wari makaruhi ne, amma idan aka ji tsoron cutarwa tsoro mai ƙarfi ya zama haram. Gane cutarwar kuwa aikin masana lafiya ne, su ake komawa.

Abin da suka ce shi ne, firji ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi, da nama ya saki su farka. Idan wuta ta ɗauke kuma ba a buɗe ƙofa ba, firji kan riƙe sanyi kusan awa 4, cikakkiyar firiza awa 48, mai rabi awa 24. Ki sa hannu ki taɓa. In akwai sauran ƙanƙara a tsakiyar naman, ko yana da sanyi irin na firji, ki dafa ko ki mayar. In ya yi laushi, sanyin ya tafi, ya haura awa 2 a haka, a zubar ko da hanci bai ji komai ba. Kada a ce ai wuta za ta gyara, wasu ƙwayoyin suna barin guba da tafasa ba ta karyawa.

Naku da ya yi kwanaki ya saki sarai, ba ya halatta ki ciyar da iyali shi, saboda ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Bayar da shi sadaka ya fi muni, Allah Ya hana nufin mummuna wajen ciyarwa a Baƙara aya ta 267, kuma talakan da ya karɓa bai san kwanan da naman ya yi ba. Niyyar maigida mai kyau ce, ki faɗa masa cikin ladabi cewa zubar da abin da ya lalace ba israfi ba ne. In akwai sakaci, ya faru ne tun ranar farko, lokacin da naman ke da ƙanƙara, ana iya soyawa ko rabawa aka bari.

Nan gaba ki kasa nama a ƙananan ledoji gwargwadon girki ɗaya, ki rubuta kwanan wata, ki fara da tsoho. Ɗanyen nama ya zauna a ƙasan firji cikin rufaffen mazubi, kada ruwansa ya ɗiga kan dafaffe, rufe kwano ma umarni ne a hadisin Jabir. Ragowar abinci kada ya wuce kwana 3 zuwa 4 a firji. Allah ne Mafi sani.