Amsa ga Kawu kan tseren tsauni a lokacin sanyi

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, na samu saƙonku game da hoton da na aika gida, wanda kuka gan ni a cikinsa laka har gwiwa. Kun tambaya ko haka Hausawan Ingila suke yi, da kuma nawa ake biyan mutum kafin ya yarda ya fita gudu cikin irin wannan sanyi.

Ba a biyan kowa, mai shiga ma shi ne yake ba da 'yan kuɗin rajista. Kuma a cikin jama'armu ta Manchesta ba mu da yawa masu yin sa, domin matasa sun fi karkata ga ƙwallo, manya kuma ga tattaki bayan sallar asuba. Amma abin da yake fitar da mu duka ɗaya ne. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi, sai mutum ya tafi aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu, wata da watanni. Wanda ya kulle kansa a ɗaki jikinsa yakan mutu, zuciyarsa ta ƙuntata, kuma na ga yadda hakan ya kwantar da mutanenmu masu ƙarfi.

Tseren da na shiga a kan Winter Hill aka yi shi, kusa da garin Bolton, cikin watan Fabrairu. Tsayin tsaunin mita 456 ne daga teku, wato garin Zariya da kuke zaune ya fi shi tudu, don haka kada ku ɗauka wani dutse ne mai tsini irin Kufena. Wahalarsa a ƙasarsa take, domin fili ne na ciyawa da baƙin taɓo mai riƙe ruwa, inda ƙafa takan nutse ba zato, ga iska mai yanka fuska, ga hazo da yakan sauko har mutum ya kasa ganin doguwar eriyar talabijin da ke bisa tsaunin alhali yana dab da ita.

Saboda haka ƙungiyar da ke kula da wannan wasa, Fell Runners Association, wadda aka kafa a 1970, ta shimfiɗa ƙa'idar kayan da za a ɗauka a tsere mai nisa: rigar ruwa da wandonta, hular sanyi, safar hannu, taswira, kamfas, usur da ɗan guzuri. Akan buɗe jakar mutum a duba, wanda bai cika ba kuma a mayar da shi. Kamfas ɗin da na saba neman alƙibla da shi, shi ne ya nuna mini hanya lokacin da hazo ya raba ni da na gabana. A gangaren ƙarshe wani dattijo Bature ya zame ya gurɗe ƙafa, sai mutum uku a cikinmu muka tsaya, ɗaya ya cire rigarsa ya lulluɓe shi, ni kuma na yi ta busa usur da yatsu da suka ƙage har masu aikin sa kai suka iso. A wurinsu wuce wanda ya faɗi abin kunya ne, kuma wannan ɗabi'a ce ta sa na saki jiki da su.

Game da addini kuwa, wanda na san shi ne ainihin damuwarku, ba mu saki komai ba. Da yawansu gajeren wando suke sakawa ko da ƙanƙara tana zuba, mu kuwa dogon wando muke sakawa, ba wanda ya taɓa yi mana magana. Ana fara tseren da hantsi, don haka nakan riski azahar a kan lokaci, in shimfiɗa darduma a gefen mota. Idan an gama wasu sukan wuce mashaya, mu sai mu tsaya ga shayi da romo mai zafi. Yanzu da azumi yake faɗowa cikin watannin sanyi, duk tseren da ya zo a Ramadan nakan bar shi ya wuce.

Ku gaida Inna da yara, kuma ku shaida mata cewa ɗanta yana rufe ƙirji da kunnuwa kamar yadda ta yi umarni.