Uba da ɗa sun rasu a haɗari ɗaya: wa zai gaji wa?

Tambaya: Malam, maigidana da mahaifinsa sun rasu a haɗarin mota wajen Mashi, suna dawowa daga Daura. Ya bar ni da yara uku, maza biyu da mace. Ƙannensa sun ce yaran ba su da komai a gonar kakansu. Haka ne?

Amsa: Allah Ya jiƙansu, Ya raya marayu. Baiwar Allah, maganar duk tana rataye a kan abu ɗaya: wa ya riga wani cikawa? Sharaɗin gado shi ne a tabbatar magaji yana da rai bayan wanda za a gada ya cika, ko da numfashi ɗaya ne.

Saboda haka a fara bincike. A tambayi waɗanda suka ciro su daga motar, da likitan da ya karɓe su. In an tabbatar a gaban alƙali cewa mijinki ya yi saura bayan mahaifinsa, ya ci gadonsa, kason kuma ya gangaro kanku. Amma cewa "ai tsoho ne zai fara cikawa" zato ne, ba a raba dukiya da zato.

In an rasa sanin wanda ya riga, a mazhabarmu ta Malikiyya babu gado tsakaninsu, haka ma wajen Abu Hanifa da Shafi'i. Imamu Malik ya kawo a littafinsa Muwaɗɗa cewa waɗanda aka kashe a yaƙin Jamal da Siffin da Harra ba su gaji juna ba, sai wanda aka san an kashe shi kafin ɗan'uwansa. Hanbalawa sun saɓa, amma ba da ra'ayinsu kotunanmu ke aiki ba.

To, a nan ƙannen sun yi gaskiya, domin ɗa namiji yana katange jika daga gado. Sai dai su ma ba su da ko ƙwandala a dukiyar mijinki. Bayan biyan bashi da wasiyya, ke kina da sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, mahaifiyarsa in tana raye sudusi, wato ɗaya cikin shida, saura na yaran, namiji rabon mata biyu.

Ku kuma baffanni, aya ta 8 a Suratun Nisa'i ta ce in dangi da marayu suka halarci rabo a ba su wani abu. Ku yanka musu ko gefen gonar ne, a rubuta, a sa shaidu. Wallahu a'alamu.